Ranar Awo a Aboabo

Talatar awo, a gindin mangwaro,
Nas Adowa ta rataye sikeli a reshe.
Barira na lilo cikin wandon awo,
allura ta yi rawa, ta tsaya
ƙasa da inda ta kwana watan jiya.
Aka zagaye damtsenta da tef:
kore lafiya, ja sai asibiti.
Namu ya faɗa kan rawaya,
launin latas ɗina bayan ambaliya.

"Me take ci?"
Sahura ta dube ni, na dubi silifas ɗina.
Koko da safe, koko da rana,
da dare tuwo da miyar da ba ta san kifi ba.
Ni fa manomi ne, Nas.
Kunya goma sha bakwai na tayar a bakin rafi,
alayyafo, kabeji, albasa mai lawashi.
Yau kunya ɗaya ta rage mini,
wannan da nake ji a gabanki.

Kwalbatin bayan makaranta ya toshe
tun azumin bara waccan.
Sau uku muka kai kuka Asambule,
yatsu goma sha ɗaya a dangwale.
Aka ce takarda na teburin injiniya,
injiniya na taron bita a Ankara.
Ruwa bai jira sa hannu ba.
Dare ɗaya ya zo da ledojin Kumasi duka,
ya tafi da irin da na ciwo bashi.

Takin rangwame ya iso, haka muka ji.
Onarabul Mairiga ya ɗauki biro,
ya fara da masu rigar jam'iyya,
kafin ya gangaro kanmu tawada ta ƙafe.
Buhun nan na gan shi da idona
a rumfar kasuwa, kuɗinsa ninki biyu.

Amma mai tikiti bai taɓa makara ba.
Kafin Sahura ta sauke kwando a Asawase
ya miƙo hannu, sidi biyu,
ko da ciniki ko babu.

Ɗantani ma, yayan Barira,
ya bar zuwa makaranta da kwano.
Zango biyu ba a biya mai girki ba,
ta kife tukunya, ba ta da laifi.

Nas ta ce ƙwai ɗaya a rana,
wake, gyaɗa, ɗan ganye.
Na gyaɗa kai ina lissafi.
Kazarmu ta ƙarshe ita ta biya kuɗin wuta.

Ta ba ni katin, ta nuna da farce:
layin lafiya yana hawa tudu,
na Barira ya kama gangare.

Asabar za mu shiga kwalbatin da shebur,
ni da Gambo da Kwaku mai tumatir,
ruwa ba ya tambayar yare.
Litinin kuwa ba zan kai takarda ba.
Katin nan zan shimfiɗa kan teburinsu
in ce: ga wata hanya da kuka shata,
ita kam an gama ta kan lokaci.

Barira ta yi barci a bayan uwarta,
yatsa a baki, tana tsotsa.