Tafin Hannu Huɗu

Jiya da la'asar a gangaren Mampong
ruwa ya ɗan yi yayyafi, ba ma ruwan kirki ba.
Na taka birki, mota ta ce ba ta ji ba.
Ta sulale kamar sabulu a hannun yaro.
Mai buhun makani a baya ta kira Yesu,
ni na kira Allah,
muka tsaya taku biyu daga gindin motar katako.
Babu wanda ya tofa har Kejetia.

Da asuba na tsuguna a ƙofar gida, nan Aboabo,
na zaro tsinken ashana, yadda Baba Sallau ya koya mini,
na cusa kansa a zanen taya.
Kan ashana ya tsaya a waje yana kallona.
Taya ta yi sanƙo,
ta fi goshin ladanmu sheƙi.

Sai Suame.
Guduma na amsa guduma, walda na tofa wuta,
baƙin mai ya rine ƙasa har kaji sun canza launi.
Wofa Dapaah na zaune bisa tulin taya
kamar mai jiran a zo gaisuwa.
Hausarsa ta zango ce, ya tsince ta wajen masu goro.
Ya mirgino guda biyu, ya jingine su a gwiwata.

Wannan, in ji shi, ɗari huɗu da hamsin.
Sabuwa ce dal, ko sunanta ban iya faɗa ba.
Waccan dubu da ɗari, ba ragi ko sidi ɗaya.
Na duba. Duk baƙaƙe, duk da'ira,
duk warin roba ɗaya suke yi.
Na ce, Wofa, ina bambancin?
Ya ce, a rana babu.
Ka tambayi ruwa.

Na sa hannu a aljihu, na taɓa ƙullin kuɗin.
Na san kowace takarda da sunanta:
wannan ta adashe ce, Zulai ta ɗauko kwasarta ta ba ni,
wannan ta makarantar Asabe, mai karatun ungozoma,
wannan kuwa ta mai gidan haya,
wanda ya fara gaishe ni da tari.
Araha ta yi mini murmushi.
Huɗu a tashi ɗaya, har da canjin sayen waake.
An ce araha ba ta ado,
to ni ado na zo nema?

Wofa ya kama hannuna, ya buɗe tafin,
ya manna shi a kan taya.
Iyakar abin da ke taɓa ƙasa ke nan, ya ce.
Kai da fasinja da kayansu da gudunka,
tafin hannu huɗu ke riƙe ku.

Na daɗe ban ɗauke hannun ba.

Ban sayi huɗu ba, ƙarya zan yi.
Biyu na saya, masu tsadar,
na sa yaro ya karanto mini shekarar da aka buga a gefensu.
Aka ɗaura su a baya, Wofa ya nace a kan haka.
Na gaba muka zaɓo masu dama-dama cikin tsofaffin,
su lallaɓa zuwa wata kwasar.
Waake kuwa na ci bashi.

Yau hadari ya haɗo daga wajen Ejisu.
Ina tafe a hankali, kamar mai ɗauke da ƙwai.
Wani saurayi mai agogo ya ce,
Direba, ko turawa za mu yi?
Na ce, ɗana, rabin motar ce sabuwa,
ɗaya rabin ita nake bi da lallashi.