Ashirin da Uku

An rufe taro bayan azahar, an tafa, an kashe na'ura.
Sai aka miƙo mini takarda da biro:
"Cima, ke ce ƙarama, ke za ki ƙirga su.
Ashirin da uku za su shiga motar nan,
ashirin da uku za ki maido masauki."

Na ƙirga huluna, na ƙirga kallabi,
na ƙirga sanƙo biyu masu ƙyalli a baya.
Kwana uku suna dambe da kalmomi a kan ruwa:
ina ya tafi, wa ya shanye, yaushe zai dawo.
Yau ga su kamar 'yan lakkal,
kowa na neman kujerar taga.

Da gidan tarihi muka fara.
Ƙasusuwan dodon da aka tono a rairayin arewa
sun miƙa wuya har ƙarƙashin rumfa.
Dakta Alhu ya cire tabarau, ya goge, ya mayar:
"Wannan ya sha ya ƙoshi
a inda yau raƙumi ke kukan ƙishirwa."
Ba wanda ya rubuta.
Itacen Tenere na tsaye a bushe, shi kaɗai.
Madam Zalika ta Damagaram ta yi masa sallama
kamar mai duba tsohuwa a asibiti.

Wajen maƙeran azurfa ciniki ya kaure.
Mutumin da ya lissafa damina hamsin ba kuskure
ya kasa raba jika da dala,
ya zo da naira a ka, sefa ta kayar da shi.
Na sake ƙirga. Ashirin da biyu!
Gabana ya faɗi.
Bayan katanga na iske Farfesa Tankari a tsugune
gaban mai kilishi, yaji har gemu.

Da la'asar sakaliya muka gangara bakin Isa.
Gada cike da babura da masu komawa Harobanda,
rana ta jiƙa gefenta cikin ruwa.
Shi Farfesan, da ya yi awa biyu ranar Litinin
yana zana mana kogin nan da jan layi da shuɗi,
ya tsaya, ƙafa ɗaya a tudu, ɗaya a iska.
Sumana mai jirgi ya miƙa hannu:
"Baba, taka tsakiya. Ba ya cizo."

A tsakiyar ruwa kowa ya yi tsit.
Farfesa, riƙe da katako da hannu biyu, ya ce,
"Zurfin nan zai kai nawa?"
Sumana ya tsoma gora, ya ɗago, ya nuna jiƙon.
"Zamanin babana, nan gora ba ta taɓa ƙasa.
Yashi ne ke saukowa daga ƙoramu.
Bara tsibirin can bai haifi wancan ƙaramin ba."
Sai na ga hannu ɗaya ya saki katako
yana laluben aljihu.
"Cima, ara mini bironki."

Da dare, kifi da dambun zogale a tabarma.
Su biyun da suka kusa cin kwalar juna jiya
kan wata ƙididdiga
suna cire wa juna ƙaya.
Shayi ya zaga sau uku, ana musayar lambobi,
ana alkawarin wasiƙun da rabinsu ba za su zo ba.

Na ɗaga takarda, aikin ƙarshe.
Ashirin da huɗu.
Na sake. Ashirin da huɗu.
Can ƙarshen tabarma, wandonsa bai gama bushewa ba,
Sumana na zana kogi da yatsa a ƙasa,
Farfesa na kwafa.

Na rubuta sunansa a ƙasan jeri.
A gurbin da aka ce "jami'a"
na ɗan tsaya,
sannan na sa: Isa.