Ratar Ɗan Yatsa

Kakana Muniyandi maƙeri ne a Usilampatti,
shi ke ɗaura wa ƙafafun amalanke ƙarfe.
Bai taɓa jin sunan pai ba.
Igiyar ɓawon kwakwa ce ma'auninsa:
faɗin ƙafa sau uku, sai ɗan ƙari,
ƙarin nan kuwa, in ji shi, ido ke sanin sa.

Ina aji takwas na dawo gida da hawaye.
Na rubuta pai, na ja layi biyu a miƙe,
na sa ashirin da biyu bisa bakwai,
Malama Sagayameri ta bi da jan biro ta soke.
Ta ce, "Malarkodi, kama da wane ba wane ba ne.
Layi biyun nan rantsuwa ce,
wanda ya ja su ya ce abu guda ne ke amsa suna biyu,
kamar ke 'yar Ponnuttayi, ke ɗin dai jikar maƙeri.
Waɗannan tafiyarsu ɗaya har ɗigo ɗaya huɗu,
daga nan kowa ya kama gabansa."
Sai ta lanƙwasa layukan
kamar macizai biyu na ƙetare rafi.
"Ga alamar wanda ya yi kusa, ya kuma san bai iso ba."

Na kai ƙara maƙera.
Kaka bai ɗago ba, ya ce in kama zuga-zugi.
Ya auna ƙafar itace, ya auna ƙarfe,
ya datse shi da gangan, saura ɗan yatsa ya kai.
Na ce, "Ai bai isa ba!"
Ya ce, "In ya isa yau, kafin Madurai ya zame."

Muka kewaye zoben da busasshen kashin shanu,
wuta ta ci har ya yi ja, ya yi miƙa,
maza uku suka ɗauke shi da awartaki,
ya zauna wa itacen,
aka kwara ruwa, ya yi tsaki, ya tsuke,
tururi ya ɓoye mini fuskar Kaka.
Sakan guda, a tsakanin zafi da sanyi,
tabbas ƙarfe da itace sun yi daidai.
Babu wanda ya gani.

Yau a Chennai nake, inji na zubo mini lambobin,
uku, ɗigo, ɗaya, huɗu, ɗaya, biyar, tara,
har bayan miliyan ba su gaji ba, ba su maimaita zance ba.
Na iya kakkarya su yadda kuskuren
ba zai kai kaurin gashin gira ba,
amma hannuna na rawa in zan ja layi biyu a miƙe.

Kaka ya rasu da damina ta uku bayan tafiyata.
Igiyarsa na rataye a ƙusa,
da ƙulli uku, da ragowar da bai ƙulla ba.
Jiya na sa ta a kan rula.
Ta saki da tsufa, ta ƙaru da kusan ɗan yatsa.