Maki Huɗu

Maki huɗu kacal suka raba hanyarmu,
ni da Barau, ɗan ƙanen mahaifina.
A shagon Iliya mai buga takardu muka duba,
bayan Kasuwar Barci, wata Talata.
Ya fito yana tsalle, na fito ina lissafi.

Tashar Kawo ta ɗauke shi zuwa Samaru.
Jami'a, in ji mutan gida, suna gyara zama.
Ni kuwa na nausa kudu, Gidan Waya.
Kwaleji, in ji su, a taƙaice,
kamar mai faɗin sunan ciwo.
Inna ta raba mana yaji ɗaya gida biyu,
nasa a kwalba, nawa a ƙullin leda.

Hutun farko ya zo da labari:
ɗakin lacca kamar filin idi,
kai ɗari bakwai, lasifika ɗaya mai tari.
Sai ka yi asubanci ka kama kujera da littafi,
wanda ya makara ya rataye a taga
yana tsintar rabin magana.
Malaminsu bai san da Barau a duniya ba,
lamba ya sani, ita ma sai ran jarrabawa.

Na ce mu arba'in da biyu ne,
Malama Kande na ƙirga mu kamar kajinta.
Ranar da zazzaɓi ya kayar da ni
ita ta aiko da kunun tsamiya,
ita kuma ta zaftare mini maki biyar
na aikin da ban kawo ba.

Ya tuntsire. Ya ce ashe sakandare kuka koma.
Na haɗiye, don akwai ƙanshin gaskiya:
laburarenmu bai kai barandar nasu ba,
littafin da duk muke nema ƙwaya ɗaya ne,
shi ma tsakiyarsa wani ya yage
tun ba a haife ni ba.
Ranar da ya kai ni nasu, na cije a bakin ƙofa
kamar wanda ya saba da rijiya
aka tsayar da shi gaban kogi da damina.

Shekara ta uku aka tura ni koyarwar gwaji,
wata firamare a gindin duwatsun Kagoro,
allo shafen gawayi, yara sittin, benci tara.
Wata yarinya, Asabe, ta haɗa baƙi da wasali,
ta karanta sunanta da bakinta,
ta dube ni a tsorace
kamar ta fasa wani abu.
Ban ba Barau wannan labarin ba.
Ban san da wane mudu zai auna shi ba.

Shi kuwa yajin aiki ya maido shi gida.
Wata da watanni yana sayar da katin waya a Tudun Wada,
ƙaton littafinsa na kan tebur
yana danne canji kada iska ta kwashe.
Duk da haka unguwa Injiniya take ce masa,
ni kuwa Malam, da muryar jaje.

Yanzu albashina ya fara zuwa, yana ɗingishi.
Jiya ya zo rancen kuɗin ɗinke kundinsa,
ya zauna a tabarmata, idanunsa sun faɗa.
Ya ce, ka san shekara shida
ba wanda ya taɓa kiran sunana a aji?
Na ce, ka san na cika fom,
baɗi in da rai da rabo
zan je neman taga a filin idin naku?

Muka yi shiru.
Alli a faratana, tawada a nasa.
Ladanin layinmu ya kira magariba.
Buta ɗaya ce a gidan.
Na ce ya fara, ya ce a'a, Malam,
kai za ka ja mu.