Minti Goma a Punta Arenas

Ƙarfe biyun dare.
Iska na kokawa da kwanon rufi,
shayin Ximena ya huce tun ɗazu.
Gabanta baƙin allo, da ɗan ɗigo fari
yana ƙifta ido kamar mai bin bashi.

Na'urar da za ta gyara ba nan take ba.
Tana tsibiri, ƙetaren mashigin teku,
a ɗakin awon iska,
ba kowa sai tsuntsaye da gishiri.
Zare ɗaya ya haɗa su,
shi kuma aka ce ta kwance ta sake ƙullawa.

Hanya uku gare ta.
Ta rubuta adireshin cikin fayil,
ya zauna daram ko wuta ta ɗauke ta dawo.
Ko ta aiki nmcli, wakili mai ladabi,
sai dai ba ta gama sanin halinsa ba.
Ko ip, mai cika aiki nan take,
mai mantuwa:
a kashe a kunna, ya ce bai san zancen ba.

Marigayi Evaristo da ya koya mata
mutumin fayil ne.
"Abin da ba a rubuta ba, ba a yi ba."
Shi ne kuma, wani hunturu,
ya sa ɗigo inda ba gurbinsa ba,
guga ya faɗa rijiya har da igiya.
Kwana tara yana jiran teku ta lafa,
awa shida a kwale-kwale yana sheƙa amai,
don ya goge harafi guda.

Ta zaɓi mai mantuwar.
Amma sai da ta ja kunnen na'urar:
nan da minti goma ki mutu ki tashi,
ki manta duk abin da zan faɗa miki.

Ta buga lambobin. Ta danna.

Tsit.

Huɗu ta sa a gurbin ɗaya.
Ta gani, bayan ƙofa ta rufe.
Ta tashi ta ɗora ruwa a wuta,
ta tsaya jikin taga tana ƙirga fitilun jirage.

Kafin buta ta yi fito
tsibiri ya amsa sallama,
bai riƙe ta da komai ba.

Karo na biyu ya yi.
Da asuba ta rubuta shi cikin fayil,
a hankali, tana bin kowane ɗigo da yatsa.
A layin sama, inda na'ura ba ta karantawa,
ta sa kwanan wata, da sunan tsohon.