Baƙo a Cikin Fijon Baba

Fijon Baba ta girme ni da shekara shida.
Fara ce sol a da, yanzu ta yi launin kunun gyaɗa.
Da ita ya yi dakon goro daga Shagamu zuwa Agege,
har yau in rana ta gasa kujerar baya
sai ƙamshin ganyen huhu ya tashi.

Ciwonta ɗaya, tsohon dinamo.
Ka kunna fitila, hon ya shaƙe.
Ruwa ya sauko ka tada waifa,
rediyo ya yi gum kamar an aiko masa da rasuwa.
Sau uku tana mace mini a gosulon Oshodi,
kwandastoci na zagina da yaren da nake ji sarai,
ni da Ɗanliti muna turi, silifas na tsinkewa.

Ran Asabar na shiga Ladipo.
Okwudili ya jawo shi daga ƙarƙashin tebur,
altaneta ɗan Beljiyam, ya hure masa ƙura,
ya rantse mini da kabarin kakansa.
Ban san kakan ba, amma na biya.

Baba Rasaki na bayan layin dogo
ya ɗaga bonet, ya auna da ido, ya ja tsaki.
Ya ce, “Ɗan Tanimu, baƙon nan ya fi ɗakin.”
Kunnen sabon bai hau ramin tsohon ba,
saura faɗin yatsa.
Faɗin yatsa tak,
shi ya cinye mana wuni.

Aka kai ƙarfen gindin wurin mai walda,
Nepa ta ɗauke, muka zauna jiran janareto.
Aka dawo, aka ci shi da magagari,
aka jera wosha uku, aka zare ɗaya.
Noti ya faɗa cikin kwata,
Sikiru ya naɗe hannun riga ya bi shi.

Sai tsohon ya warware zare daga bakin buhu,
ya ja shi daga wannan fuli zuwa wancan,
ya rufe ido ɗaya kamar mai duban wata.
Ya ce, “Ido kan yi son kai, zare ba ya yi.
In suka saɓa ko da ƙwayar gero,
fambel zai yi ta kuka har ya tsinke a kan gada.”
Ya ɗana sifana, ya danna bel da babban yatsa:
ba tauri irin na mai bin bashi ba,
ba kuma sako-sako ba.

Tsohuwar wayar siririya ce kamar taliya,
ba za ta iya da wutar baƙo ba.
Da aka zo yanke ta
na ga ƙullin Baba a jiki,
ƙullin da yake wa bakin huhun goro,
ya naɗe shi da tsumman rawani.
Na ce a dakata.
Na yanke wurin da kaina, na sa a aljihu.

Ana kiran magariba na murɗa makulli.
Ta yi tari biyu, ta kama.
Jar wutar nan da ta shekara goma tana hararata
ta lumshe, ta mutu.
Fitila, hon, waifa, rediyo,
na sake su duka lokaci guda
kamar yaran da aka tasa daga makaranta,
ba wanda ya ci rabon wani.

Baba Rasaki ya taya tsohon dinamo,
wai tagullar cikinsa za ta yi kuɗin shayi.
Na ce albarka.

Ga ni a hanyar gida,
fitila na nuna mini ramukan
da Baba ya haddace a cikin duhu.
Dinamo na but, ban ɗaure shi ba.
Duk kwanar da na sha
sai ya gangara ya ƙwanƙwasa,
ni kuwa in ce, “Na ji, zan rage gudu.”