Shafi na Arba'in da Bakwai

A Duluth, bakin babban tafki,
inda ƙanƙara ke kwana kan tagogi har Afrilu,
ɗakinmu na can ƙarƙashin bene,
kusa da tukunyar ɗumama makaranta.
Mu takwas, kwamfuta biyar,
ɗaya ma sai an lallashe ta take tashi.

Ranar farko Malama Halvorsen ta ce:
"Littafin shekara ba madubinku ba ne.
Ɗalibai ɗari huɗu da goma sha ɗaya,
kowa ya fito, ko mu kwana nan."
Ni da na zo ɗaukar hoton 'yan ƙwallo,
sai aka miƙo mini jerin sunaye da jan biro.

Na koyi cewa hoto bebe ne,
sai an ɗora masa wane ne, ina, yaushe.
Odalys ta koya mini yanka:
cire rufin ɗaki, bar idon yarinyar.
Na cika shafi maƙil kamar motar masu ƙaura,
ta share rabi, ta ce, "Bar masa wurin numfashi,
farin fili ma magana ce."
Na yi fushi kwana biyu. Ta fi ni gaskiya.

A Fabrairu jan biro ya cinye jerin kaf,
saura suna ɗaya: Anselm Kivela.
Ba ya ƙwallo, ba ya cikin mawaƙa,
ranar ɗaukar hoto ma bai zo ba.
Shekara uku yana zama bayan aji,
wanda ka tambaya sai ya ɗaga kafaɗa.

Na same shi da asuba bakin tashar jiragen ruwa,
a rumfar da kakansa ke kyafa kifi.
Tambayoyi goma na rubuto,
ya kashe tara da "e" da "a'a".
Sai na tuna faɗar Malama:
"In ka yi tambaya, kama bakinka, ƙirga goma."
Na ƙirga, hayaƙi na cin idona.
A bakwai ya ce,
"Ƙarfe huɗu nake tashi, tun da hannun Kaka ya fara rawa.
Shi ya sa barci ke ɗaukata a darasin lissafi."
Daga nan magana ta ɓalle,
har biro ya daskare, na koma fensir.

Hoto ɗaya na zaɓa cikin sittin:
hannu biyu kan igiya ɗaya,
na tsoho yana koyarwa, na yaro yana riƙewa.
Na bar fari a ƙasansa, faɗin tafin hannu.

Mayu ta kawo kwalaye daga maɗaba'a,
ƙamshin tawada ya cika ɗakin.
Na buɗe shafi na arba'in da bakwai,
gabana ya faɗi.
Kivala.
Harafi ɗaya, kuma hannuna ne ya aikata.

Malama ba ta ɗaga murya ba.
Ta ce, "Suna aro ne, yadda aka ba ka za ka mayar."
Muka yanka 'yan takardu siraran gaske,
mu takwas, da gam, da shayi mai sanyi,
littafi ɗari huɗu da goma sha ɗaya,
har mai shara ya zo ya kashe fitilun baranda.

Ranar rabo kowa na neman fuskarsa.
Anselm ya daɗe tsaye kan shafin,
ya sa farce ya ɗaga gefen liƙin,
ya ga abin da ke ƙasa, ya yi dariya.
Ya karɓi nawa littafin ba tare da ya tambaya ba,
a farin filin nan da muka bari
ya rubuta sunansa, harafi bayan harafi,
ya ja layi ƙarƙashin e,
ya miƙo mini, takardar na warin kifi.